Kwalin da na ba ƙanwata

Ni na ba ta kwalin maganin, da hannuna. Da wannan zan fara, domin akwai mutanen da nake jin haushinsu a cikin wannan labari, kuma ba na so a ce na lissafa su na tsallake kaina.

Ina da shekara arba'in da biyar aka cire mini mahaifa a wani asibiti a Kano. Ƙari ne ya cika ta, jini ya ƙi tsayawa, har ta kai ba na iya tsayuwa a gaban allo sai na dafa tebur. A lokacin ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare a cikin garin Kazaure. Likita ya ce babu makawa sai an cire, har da wurin da ƙwan haihuwa ke fitowa. Maigidana ya sa hannu, aka yi, na tashi. A hanyarmu ta dawowa na ce masa duk wanda ya tambaya a ce ƙari aka cire. Ya ce ai gaskiya ce. Na ce to a tsaya a nan.

Dalilina ba wani mai nauyi ba ne, shi ya sa yake ƙona mini rai yanzu. Na taɓa zama a gidan suna aka ɗauko zancen wata mata a unguwarmu da aka yi wa irin wannan aiki. Wata ta rage murya ta ce ai an ƙwaƙule ta, fanko ce ke yawo. Aka yi dariya, ni ma na yi. 'Ya'yana biyar a lokacin, ba wata haihuwa nake nema ba, amma na rantse ba za a baje a kan tabarma ana cin tuwo da zancena ba. Ko autarmu da muke ciki ɗaya ban gaya wa ba. Tana aure a Gwiwa, shekara uku na ba ta. Da ta zo duba ni bayan na dawo, da galan ɗin man gyaɗa da kaji biyu, na ɗaga riga na nuna mata ɗinkin na ce ƙari ne.

Makonni kaɗan bayan aikin wuta ta tashi a jikina. Ina tsaka da duba littattafan yara sai in ji zafi ya taso daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska, gumi ya jiƙa hijabi kamar an watsa mini ruwa. Barci ya gagara. Faɗa kuwa, ko ƙofa aka rufe da ƙarfi sai na tanka. Na koma wurin likitan. Ya jero mini tambayoyi yana rubutu, bai ɗago ba: ko an taɓa yin sankarar mama a danginmu, ko jini ya taɓa daskare mini a ƙafa, ko ina da ciwon hanta ko hawan jini. Ya ce jikina ya daina yin wani sinadari da ake kira istirojin, shi za a mayar mini a ƙwaya. Ya yage takarda ya miƙo mini.

"Ke wannan kaɗai ya ishe ki. Ki riƙa dawowa muna duba ki."

Ban tambaye shi su wa bai isa ba. Shi ma bai ga ya dace ya ƙara numfashi ɗaya ya gaya mini ba, layi na jiran sa a waje. Har yau idan na tuna yadda ya danna ƙararrawa tun ban gama tashi daga kujera ba, sai raina ya ɓaci.

Maganin ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kafin wata ya zagayo na dawo mutum. Na koma asibitin sau biyu, daga nan na ga hanyar Kano da dogon layi ba za su yiwu mini ba. Sai na koma yin abin da kowa ke yi a wajenmu: idan ya ƙare in ɗauki kwalin in kai wa mai kemis ɗin da ke bakin kasuwa, ya sa a kawo mini daga Kano.

A ƙasarmu kwali ya fi takardar likita daraja. Takarda ba mai iya karanta ta sai wanda ya rubuta, kwali kuwa yana da launi, ana gane shi daga nesa. Tsohuwa za ta ƙulle shi a bakin zane ta taho da shi tun daga Roni ko Babura, ta ajiye a kan kanta ta ce a ba ta irinsa. Na maƙwabciyarta ne, ko na surukarta, ko an tsinto shi a ɗakin wani da ya warke. Idan magani ya yi maka aiki ka hana ɗan'uwanka kwalin, rowa ka yi, kuma za a faɗa. Ni da na yi shekara ashirin ina koya wa yara kada su sha abin da ba a rubuta musu ba, kwalin nan yana cikin jakata kullum, kusa da carbi.

Shekara bakwai ina haka. Wata Asabar bayan an girbe gero na je Gwiwa. Ƙanwata sana'ar ƙuli-ƙuli take yi, tun tana amarya. Na same ta a bakin murhu tana mulmula tunkuza tana jefawa a kasko. Muna cikin hira sai ta ajiye matsami, ta miƙe, ta ɗauki moɗa ta sheƙa wa kanta ruwa har da ɗankwali. Jikarta ta yi dariya, ta daka mata tsawar da sai da ni ma na zabura. Ita da ko akuya ba ta iya kora da ƙarfi.

"Auta, lafiya?"

"Yaya, ni dai ban sani ba. Sun ce zafin murhu ne. Shekara talatin ina gaban murhun nan bai dafa ni ba sai yanzu? Sau uku ana yi mini allurar taifot. Na sha saiwa, na yi hayaƙi. Al'ada ta ɗauke fiye da shekara, tun daga nan ban sake sanin daɗin jikina ba." Ta goge fuska da gefen zane, ta dube ni. "Ke ba ki yi wannan abin ba?"

A nan ne ya kamata in ce mata na yi, amma nawa daban ne, ga abin da aka yi mini a Kano. Mu biyu ne a tsakar gidan, sai yarinya ƙarama. Ba wanda zai ji. Sai na zuge jaka na zaro kwalin, da sauran ƙwayoyi a ciki, na danƙa mata. Na ce ta sha ɗaya kullum, idan ya ƙare ta ba mijinta kwalin ya kai wa mai kemis ɗina a Kazaure. Na ji daɗin kaina a ranar, wallahi na ji. Na hau mota ina ganin na fi duk masu allurar taifot ɗin nan sani.

Mijinta yana zuwa Kazaure a kan babur duk ranar kasuwa. Ya kai kwalin. Mai kemis ya ga namiji mai furfura da kwalin maganin mata a hannu, bai ce masa wa ke sha ba, bai ce shekarunta nawa ba, bai ce wane likita ya rubuta ba. Ya saka a leda ya miƙa masa. Haka ya yi ta yi wata bayan wata.

Ita ma ya yi mata aiki. Ta yi ƙiba, ta koma barkwancinta, duk wayar da za mu yi sai ta ce likitar gidanmu, Allah ya ƙara basira. Ta aiko mini da ƙuli mai sukari cikin bokiti. Ina amsawa da amin, ina washe baki.

Abin da ya biyo baya ban ji shi a kan lokaci ba, sai daga baya ta ba ni labari. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi ta fara ganin jini. Kaɗan ne da farko, ya zo ya ɗauke. Ta gaya wa matan da suke zuwa taya ta matsar mai, gidan ya kaure da shewa. Amarya ta dawo. A shirya, za mu sha suna. Wata ta ce a ba ta sunan maganin nan da ke mayar da tsohuwa yarinya. Ita ma ta yi dariya, har cikin ranta ta ji daɗi, domin babu macen da ke murnar a ce ta gama.

Damuwarta ɗaya ce, salla. Ta tambayi malamarsu ta Islamiyya ko wannan jini haila ne ta ajiye salla, ko istihala ne, wato jinin ciwo, ta yi wanka ta ci gaba. Malama ta tambaye ta launinsa da kwana nawa yake yi, ta ba ta amsa gwargwadon abin da ta karanta. Daga nan zancen ya zama darasi. Mata sama da ashirin a aji, wasu kakanni ne, suka yi makonni suna ja-in-ja a kan jinin ƙanwata. Wannan ta ce a wani wa'azi ta ji kaza, waccan ta ce a'a, mace idan ta wuce hamsin hukuncinta kaza ne. An ƙirga kwanaki, an bambanta ja da fatsi-fatsi, an aika wa wani malami tambaya a rubuce. A cikinsu duka ba a samu mace ɗaya da ta ce, baiwar Allah, wannan jinin daga ina yake fitowa, tashi mu je asibiti. Ba na cewa tambayar salla ba ta da muhimmanci. Ina cewa mutum ce ke zubar da jinin, kuma kowa ya manta da ita yana kallon kwanakin.

Cikin azumi muka je ta'aziyya Roni, na ce bari in ƙarasa Gwiwa in gan ta. Da azahar na shiga ɗakinta na same ta da kofin kunu a hannu.

"Auta, da rana tsaka?"

"Fashin salla nake yi, Yaya."

Na yi dariya. Sai na faɗa, domin na yi. Na ce ke kuma da tsufanki. Ta ce ai maganinki ne, ya dawo mini da komai. Na zauna a bakin gado ina cire takalmi, na ce tun yaushe. Ta ce an kusa wata takwas, yanzu ma ba ya ɗaukewa sosai, wani lokaci har da guda-guda. Ban san komai game da abin da maganin ke yi a ciki ba, amma jini na san shi. Na kama hannunta na buɗe tafin, fari fat. Na ja fatar idonta ƙasa, haka nan. Na ce ta haɗa kayanta. Mijinta ya ce a bari a sha ruwa, a ga bayan salla. Na ce masa, Malam, da girmanka, amma gobe da safe zan tafi da ita, ka biyo mu ko ka zauna.

A wani asibiti a Kano muka samu likita mace, ba ta fi sa'ar babbar 'yata ba. Aka yi wa ƙanwata hoton ciki. Likitar ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce bangon mahaifar ya yi kauri fiye da yadda ya kamata ga wadda ta daina al'ada. Ta tambaya ko tana shan wani magani. Ƙanwata ta kwance bakin mayafi ta fito da kwalin. Nawa ne, na farkon nan, ya yi laushi, an liƙe gefensa da salatif.

"Baba, wa ya rubuta miki wannan?"

"Yayata ce ta ba ni. Ga ta nan. Ita ma shi take sha."

Likitar ta juyo gare ni. "Hajiya, ke wa ya rubuta miki?"

"Likita ne."

"Shi kaɗai ya ba ki? Babu na biyu da ake haɗawa?"

"Shi kaɗai."

"To an cire miki mahaifa ke nan."

Ba tambaya ta yi ba. Ta faɗa ne kamar mai karanta abin da ke rubuce a goshina. Na ji ƙanwata ta juyo tana kallona, ni kuwa na kafa wa kalandar bango ido. Na ce eh. Sirrin da na yi shekara tara ina gadi, yarinyar nan ta fasa shi daga kallon kwali.

Ta yi mana bayanin da ban taɓa samu ba, kuma bai ɗauke ta minti biyar ba. Ta ce maganin ba guba ba ne, yana taimakon mata da yawa idan an ba wadda ya dace da ita. Amma aikinsa a cikin mahaifa shi ne ya riƙa gina bangonta. Macen da ke da mahaifa ba a ba ta shi shi kaɗai, sai an haɗa mata da wani na biyu da ke hana bangon yin kauri. In ba haka ba ya yi ta taruwa wata bayan wata, har wani lokaci ya juye ya zama sankara. Wadda aka cire wa mahaifa ita ce ke shan sa shi kaɗai. Ta ce kuma duk macen da al'adarta ta ɗauke shekara guda sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, asibiti za ta nufa a makon. Sannan ta tambaye ni yaushe rabon da a duba ni, ni da nake sha. Na faɗa mata. Ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, ke malama ce fa." Ban taɓa jin kalmar malama ta yi mini zafi haka ba.

Aka ɗebi ɗan nama daga cikin mahaifar aka kai gwaji, aka ce mu dawo bayan mako biyu. Muka hau mota ni da ƙanwata. Ta jingina kai da taga har muka hango duwatsun Kazaure.

Washegari na je wurin mai kemis. Na tarar da mutane a shagon, ban damu ba. Na ce masa sama da shekara biyu yana sayar wa mutum maganin da bai san wa ke sha ba. Na ce da gishiri yake sayarwa da ya fi masa, tunda shi ba ya kisa. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su dace da shekaruna ba. Ya bari na gama, ko a jikinsa.

"Hajiya, abin da aka kawo a kwali shi na bayar. Ai ke ma ban taɓa ganin takardarki ba."

Ya juya ya karɓi kwalin wani dattijo da ke tsaye a bayana. Na fito, na rasa wa zan mara, shi ko ni.

Sakamako ya fito, sankara ce, amma a farkonta take. Likitar ta ce za a cire mahaifar. Dangi suka cika gidana a Kazaure, inda ƙanwata ta sauka kafin ranar aiki. Kowa ya shigo sai ya ce ƙaddara ce, haka Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara, ina sallata. Amma na ga kwalin nan yana fita daga jakata, na san hannun da ya zaro shi. Da wata gwaggonmu ta ce ai ba laifin kowa ba ne, sai na ce mata, Gwaggo, ki yi haƙuri, akwai laifi, kuma ga masu shi: wanda ya rubuta bai yi bayani ba, wanda ya sayar bai yi tambaya ba, waɗanda suka ga jini suka yi shewa, da ni da na san abin da na ɓoye. Na faɗa musu abin da aka cire mini a gaban kowa. Wata ta ce Allah sarki. Ba wadda ta yi dariya, kuma wannan ma ya ba ni haushi, domin ashe abin da na yi ta tsoro ke nan.

Ƙanwata tana kwance a ƙuryar ɗaki tana jin mu. Ba ta fito ba. A kwanakin nan tana gaishe ni safe da yamma, ina kwana Yaya, ina wuni Yaya, cikin ladabi kamar baƙuwa. Na fi so ta zage ni.

An yi aikin, ta tashi. Likitar ta ce sun cire abin da suka gani duka, amma za a riƙa duba ta lokaci-lokaci na tsawon shekaru, kuma kada a tsallake ko sau ɗaya. Ni na zauna jinya. Na hana 'yarta da surukarta, na ce su je su kula da gida.

A rana ta uku da safe ma'aikaciyar jinya ta ce dole ta fara takawa. Na ɗaga ta a hankali, na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarta, buta a ɗaya hannuna. Na san yadda ɗinkin nan yake ja idan mutum ya miƙe, don haka na ce ta ɗan sunkuya, ta danna cikin da tafin hannu, ta riƙa jan ƙafa kada ta ɗaga. Muka kama hanyar banɗaki, taku ɗaya, hutu ɗaya. A tsakiyar baranda ta tsaya tana haki.

"Yaya, lokacin naki, wa ya riƙe ki haka?"

"Masu jinya. Idan suna da aiki sai in dafa bango."

"Kwana nawa kika yi?"

"Tara."

Ta kalli ƙasa.

"Kwana tara. Ina Gwiwa ina toya ƙuli." Muryarta ba ta tashi ba. "Maganin nan na yafe miki tun a mota, ba ki sani ba kika ba ni. Amma kin san an cire miki mahaifa. Nono ɗaya muka sha, kika ɗaga riga kika nuna mini ɗinki kika ce ƙari ne. Kin ɗauka ni ma dariya zan yi miki."

"Auta, ba haka ba ne."

"Haka ne. Sake ni."

"Za ki faɗi."

"Sake ni, Yaya. Akwai bango."

Ta zare hannunta daga kafaɗata, ta kai tafinta jikin bango, ta ja ƙafa ɗaya, ta ja ta biyu. Na bi ta a baya da butar, hannuna ɗaya a miƙe kusa da bayanta ba tare da na taɓa ta ba. Barandar doguwa ce, kuma har muka kai ƙarshenta ba ta waiwayo ba.